Ajiyar Inna a Ɗakin Mai Ganyen Shayi

Shekarun baya, lokacin da mutum zai hau babur daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma bai tambayi kowa labarin hanya ba, akwai wani Alhaji a Dutsin-Ma da ke sarin ganyen shayi. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Duk mai teburin shayin da ka sani a yankinmu, daga Kurfi zuwa Karofi har Kuki, a wurinsa yake ɗaukar ganye. Katan-katan yake saukewa daga Kano, wani lokaci har tsaunin Mambila yake zuwa da kansa, ya dawo yana ba mutane labarin sanyin da ya sha. Mutum ne mai sakin hannu. Shi ya haƙa mana burtsatse a unguwarmu, shi ya sake rufa ajujuwa biyu a firamaren da nake koyarwa bayan iska ta yaye su, kuma kowace safiyar Juma'a ana kai tukunyar shayi da burodi asibiti a raba wa masu jinya.

Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta hana mutane yaba masa da zuciya ɗaya. Alhaji tara tsofaffin kaya yake yi. Ba zinari ba, ba azurfa ba. Mazarin kaɗi, ƙoshiyar masaƙa, zugazugin maƙera, goran masuntan dam ɗin Zobe, galmar da bakinta ya cinye. In ya kai wa masu shayi kaya ƙauye, sai ya tsaya yana tambaya ko akwai abin da tsofaffi suka bari wanda aka daina amfani da shi. Ya loda a bayan akori-kurarsa ya tafi. Yana da wani babban ɗaki a gidansa inda yake zuba su, kullum da kwaɗo a ƙofar.

To kun san mutanenmu. Ga mai kuɗi, ga ɗaki a kulle, ga kayan matattu. Ai ba a daɗe ba magana ta zauna: asiri yake yi. Wai in ya karɓi abin da gidanku ya daɗe yana amfani da shi, to da arzikin gidan ya tafi. Burtsatsen da burodin kuwa wai na toshe baki ne. Muna shan ruwansa muna cin namansa. Ni kuma a lokacin sabon malamin makaranta ne, ina ji da kaina, ga sabon babur. Da safe in faɗa wa yara camfi jahilci ne, da yamma in zauna a majalisa in ƙara wa maganar Alhaji gishiri. Baki gare ni a lokacin, Allah ya yafe mani.

Mahaifiyata tana da wani akushi. Ga yaran yanzu da ba su san shi ba, kwanon itace ne baƙi wuluk, tuwo kan wuni a cikinsa bai huce ba. Uwarta ta ba ta shi a Karofi ranar da za a kawo ta gidanmu, kuma a cikinsa mahaifina ya ci tuwo har ya koma ga Allah. Bayan rasuwarsa aka daina zuba abinci a ciki, ni ma na daina lura da inda yake.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da Gwaggo, yayar mahaifina, tsaye a tsakar gida tana faɗa, mayafinta a kafaɗa. Gidanta na jikin namu, kuma tun rasuwar mahaifina ita ce ke da ta cewa a dangi. Ashe an ga motar Alhaji a ƙofar gidanmu, an ga mahaifiyata ta miƙa masa akushin a zaure, naɗe cikin zane.

"Akushin da ɗan'uwana ya yi shekara talatin yana sa hannu," in ji Gwaggo, "shi kika ɗauka kika ba mutumin nan? Mi muka yi maki? Mi ɗiyansa suka yi maki?"

Mahaifiyata na zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ba ta ɗago ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ki yi haƙuri."

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma cikin wata guda ƙwari suka shiga waken da muka ajiye, tunkiyar Gwaggo ta mutu da ciki, babur ɗina kuma injinsa ya buga a hanyar Kuki. Kowace shekara ƙwari na cin wake, tumaki na mutuwa, babur kuwa ni na san irin gudun da nake yi da shi. Amma a wannan watan komai akushi ne. Gwaggo ta daina karɓar abincin gidanmu. Kullum da yamma mahaifiyata za ta zuba tuwo ta aika mata kamar yadda ta saba tun tana amarya, kullum a dawo da kwanon ko murfin ba a ɗaga ba. Wanda ya san zaman gida irin namu ya san wannan ya fi mari ciwo. Mata suka fara yin shiru in mahaifiyata ta shigo gidan suna. Na ga tana ramewa, kuma ta ƙi faɗa wa kowa dalilinta. In na tambaye ta sai ta ce in je in yi abin da ke gabana.

Ni ɗan fari ne, tsakanina da ita akwai kunyar nan ta ɗan fari, ba ma doguwar magana. Sai na yanke shawarar da na ga ta maza ce. Zan je Dutsin-Ma in karɓo akushin, in dire shi gaban Gwaggo, a bar mani uwa ta huta.

Ranar kasuwa na hau motar haya, tun da babur na wurin makanike. Tun daga Kurfi nake shirya maganganun da zan faɗa masa, har da na Turanci don ya san da ɗan boko yake. Na same shi a shagonsa, katan-katan har rufi, ƙamshin ganye da citta ya cika wurin. Na zata zan ga wani ƙato mai jan ido. Sai ga ɗan tsoho siriri, da tabarau ɗaure da zare, yana murza ganye a tafin hannu yana sansanawa.

Na yi sallama a tsaitsaye. Na ce ni ɗan wance ne ta Kurfi, na zo karɓar kayanmu.

"Madalla," ya ce. "Zauna, Malam. Ni ba na magana sai an sha shayi."

Da kansa ya haɗa. Ya ɗora ƙaramar buta a kan gawayi, ya jira ruwan ya tafasa ya ɗan lafa kafin ya zuba ganyen, yana cewa masu shayinmu dafa ganye suke kamar ƙashin sa, shi ya sa yake ɗaci. Ya miƙo mani kofi. Na karɓa, amma wallahi ban sha ba. Zuciyata ce ta ce mani, kai, in ka kurɓi wannan an gama da kai, sai dai ka koma gida kana yabonsa. Na riƙa kai kofin baki ina saukewa, ina hura shi kamar mai jiran ya huce. Ni da ke koyar da kimiyya a aji biyar!

Ya dube ni ta saman tabaransa. Ya miƙo hannu ya karɓi nawa, ya ba ni nasa da ya riga ya kurɓa, ya shanye nawan tas. Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Na sha. Kuma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa shan shayi mai daɗinsa ba.

Amma ban sauka daga dokin zuciya ba. Na ce masa ko nawa ya ba mahaifiyata zan mayar masa, ya ba ni akushinmu.

"Ban ba ta ko sisi ba," ya ce. "Ba ta sayar mani ba, ba ta kuma ba ni kyauta ba. Ajiya ta ba ni. Kai malami ne, ka san hukuncin ajiya. Wanda ya bayar shi ke karɓa."

Na ce ai uwata ce.

"Uwarka ce, amma ba kai ne ita ba. Ta zo da kanta, ko ta aiko wanda zai ce ita ta aiko shi. Ita ta aiko ka?"

Na so in ce e. Bakina ya ƙi. Sai na koma faɗa. Na faɗa masa duk abin da ake faɗi a kansa, na ɗakin, na arzikin mutane, na burodin toshe baki, ban rage komai ba. Masu shayi biyu da suka zo ɗaukar kaya suka tsaya suna kallona baki buɗe. Shi kuwa ya saurara har na gaji, sannan ya laluba aljihu ya fito da makulli.

"Taso mu je ka ga asirin," ya ce.

Gidan na bayan shagon. Da ya buɗe ɗakin na yi bisimilla a ɓoye kafin in sa ƙafa. Ba ƙwarangwal, ba jan ƙyalle, ba komai. Ɗaki ne mai tagogi, a share tsaf, da katakai jere a jikin bango. Kowane abu na zaune a wurinsa, kuma jikin kowanne an ɗaura ɗan kwali da zare. Kwalayen ganyen shayi ne ya yayyanka, ya yi rubutun ajami a bayansu. Ya ce kullewar saboda awaki ne da jikoki.

Na tambaye shi, da muryar da ta fara sanyi, mi zai yi da wannan tarkace. Ya ce yana saurayi ya tafi fatauci ya shekara huɗu bai zo gida ba. A bayansa mahaifiyarsa ta rasu. Da ya dawo ya tarar an raba abin da ke da daraja, sauran kuma, mazarinta da ƙoranta da kujerar da take zama, an hura wuta da wasu, an watsar da wasu a juji.

"Na duba gidan nan kaf," ya ce, "ban samu abu ɗaya da hannunta ya taɓa ba. Ko ludayi. Roba ta shigo, kowa na jin kunyar kayan uwarsa. To ni ba na ji. Wanda ya gaji da nasa ya kawo mani."

Ya kai ni wurin akushin. Da ƙyar na gane shi, sai sheƙi yake. Ya miƙo mani kwalin in karanta. Na juya shi sama na juya ƙasa. Ajamina ya tsaya tun ina ɗan shekara goma, Turancin da na shiryo kuwa ba shi da amfani a nan. Ya yi murmushi ya karɓa ya karanta mani layin farko: ajiyar wance 'yar wance ta Karofi, uwarta ta ba ta, mijinta ya ci a ciki, ɗanta na fari ma a ciki ya fara cin tuwo. Ya tsaya nan ya ce sauran tsakaninsa da ita ne. Sannan ya ɗago akushin ya kawo shi saitin hancina.

"Sansana."

Na sansana. Ƙamshin man shanu ne a sama. A can ƙasansa kuwa akwai wani wari da na sani sarai. Baƙin man inji.

"Wata biyu ina wanke shi da toka da ruwan zafi," ya ce, "ina shanyawa a inuwa ina shafa masa mai. Itace ne, ya sha. Har yanzu bai gama fita ba."

Nan take na tuna. Satin da na fara juye wa babur ɗina mai, na nemi abin tarawa ban samu ba. Na leƙa bayan ɗakin mahaifiyata na ga wani baƙin abu a kife, na jawo na tara, na gama na tura shi gindin bango da man a ciki, na hau babur na tafi majalisa. Ko a raina ban sa ba. Wallahi da Alhaji bai sa na sansana ba, da har in mutu ba zan tuna ba.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Ita ta faɗa maka ni ne?"

"A'a. Cewa ta yi wani yaro ne. Amma mai babur a gidan ɗaya ne, ba sai an yi duba ba."

Ban san yadda na yi masa sallama ba. Na dai tuna ya cusa mani ƙullin ganye a aljihu ya ce in kai wa Hajiya, kuma kada in tafasa shi kamar ƙashin sa.

Da la'asar na isa gida. Na tarar an dawo da kwanon Gwaggo, yana ajiye bakin murhu. Na durƙusa gaban mahaifiyata, abin da na daɗe ban yi ba, na ce, "Inna, na je Dutsin-Ma. Na sansana akushin."

Ta ce, "Wa ya aike ka?"

"Inna, don mi ba ki faɗa ba? Wata biyu ana cin mutuncinki a kan abin da ni na yi."

"In faɗa wa wa? In ce wa Yaya ɗan ƙanenta ya zuba baƙin mai inda ubansa ke cin tuwo? Ka san bakinta. In ta yi maka baki, ni zan kwashe?" Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ni an saba da ni. Tashi ka ba ni wuri."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na tashi, na ɗauki kwanon tuwon nan da hannuna, na shiga gidan Gwaggo. Na faɗa mata komai, ban ɓoye ko ɗigo ba. Jama'a, na sha zagi! Ta zage ni, ta zagi babur ɗin, ta zagi wanda ya ƙera shi, ta zagi bokon da bai koya mani bambancin akushi da gwangwani ba. Ta kai mani duka da mafici har ya karye. Sannan ta zauna ta yi kuka, ta ce, "Yarinyar nan ta bar ni ina ɗaukar alhakinta." Yarinyar da take nufi ta haura hamsin a lokacin. Ta jawo kwanon ta buɗe. Tuwon ya yi sanyi ƙalau, haka ta ci shi.

Baki kam ba ta yi mani ba, amma ta shekara tana kirana mai baƙin mai, ko a gaban ɗalibaina.

Bayan ƙura ta lafa na roƙi mahaifiyata ta aike ni in karɓo akushin. Na yi alkawarin zan kula da shi. Ta ce, "Bar shi can, ya fi samun gata." Bayan shekara na sake roƙo, ta ce in bari dai. Da na yi aure na sake, ta yi kamar ba ta ji ba. Ba zan ɓoye maku ba, abin ya riƙa ci mani rai. Na san ta yafe mani, don ba ta taɓa tayar da maganar ba. Amma yafewa daban, yarda daban, kuma na ga ta fi yarda da ɗakin wani a kan ɗanta. Ban ga laifinta ba. Ciwon dai yana nan.

Ni da Alhaji kuwa muka zama abokai, in yaro zai iya kiran sa'an ubansa aboki. Duk ranar kasuwa sai na biya. Na koma na gyara ajamina a kan kwalayensa, na riƙa rubuta masa boko a ƙasan nasa. Kwalin akushin ne kawai bai sake bari na riƙe ba. Ni na fara kai ɗalibai ɗakin, suka ga mazari suna tambaya ko abin wasa ne. Daga baya ya cire kwaɗon, ya sa ƙyauren da akuya ba ta iya turawa, ya ce duk mai so ya shigo. Wasu sun daina maganar asiri, wasu har gobe suna yi. Shi ko a jikinsa. Ya ce mani in ya tsaya sai an fahimce shi, gara ta gama da kayan.

Mahaifiyata ta yi jinyar 'yan watanni, muna kai ta asibiti Dutsin-Ma muna dawowa, har Allah ya karɓi abinsa. Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun ragu, sai ga Alhaji an riƙo shi, don a lokacin ƙafa ta fara gagararsa. Ya yi mani ta'aziyya, ya ajiye wani ƙunshi a gabana, cikin zanen da na sani.

"Mai ajiya ta tafi," ya ce. "Yanzu ka iya ajami, karanta da kanka."

Na ɗauki kwalin. A ƙasan layin da ya taɓa karanta mani akwai wani, tawadarsa ta koɗe: in ta riga mu, a ba ɗanta, in ya yi hankali. In bai yi ba, a bar shi nan. Na yi dariya hawaye na zuba, don muryarta ce sak. Sai na ga an ja layi a kan rubutun, an yi wani sabo a ƙasa.

"Wata uku da suka wuce," in ji Alhaji, "ranar da ka kawo ta asibiti ka tafi sayen magani, ta sa ƙanwarka ta kawo ta wurina. Da ƙyar take tafiya. Ta riƙe akushin ta daɗe. Sannan ta ce in goge wancan in rubuta wannan."

Sabon layin gajere ne. A ba shi, ko ya yi hankali ko bai yi ba.

Mutane kan tambaye ni mi ya sa ba na bari a taɓa mai taimako da baƙar magana a gabana, ko da ban san shi ba. To ga dalilin. Na taɓa zagin mutum a shagonsa, gaban abokan cinikinsa, alhali ya yi wata biyu yana wanke ɓarnar da na yi wa uwata. Bai rama ba, bai kuma tona ni a gaban kowa ba. Ya riƙe mata amana shekara da shekaru, ya riƙe mani sirri, kuma da ya ga dama tun ranar farko ya miƙo mani akushin ya huta da ni. Da ya yi haka, da na dire shi gaban Gwaggo ina hura hanci, ban san komai ba.

Na yi shekaru ina ƙoƙarin in cancanci abin nan, ina jiran ranar da za ta ce na kai. Ba ta taɓa cewa na kai ba. Cewa ta yi a ba ni haka nan. Yanzu furfura ta fito mani, ina da jikoki, amma duk ranar da na ɗauko kwalin nan na karanta, sai na shige ɗaki na tura ƙofa, don kada yara su ga kakansu yana kuka.